Ƙyastu a Jaka, Garwashi a Toka

A watan Afrilun 1827 wani mai haɗa magani, John Walker, ya fara sayar da waɗansu tsinkaye masu ɗan kai a shagonsa da ke Stockton, can arewacin Ingila. In aka fizgi tsinke ɗaya ta tsakanin takarda mai kaushi sai ya kama da wuta. Kakar ashanarmu ke nan. A cikin watan ne kuma Kyaftin Clapperton ya mutu a Sakkwato, yana baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa yana nan Gwandu, ya tsufa, saura masa kamar shekara biyu a duniya.

Ke nan duk abin da mu mutanen Gwandu muke bugun ƙirji da shi, tun daga hijirar Gudu a 1804, da cin Birnin Kebbi a 1805, da ginin ganuwar garinmu, har zuwa tarin littattafan da Malam Abdullahi ya bari, an yi shi ne babu ko tsinken ashana ɗaya a ƙasar. Amma an tuƙa tuwon rundunoni, an kunna fitilar da aka yi rubutu da ita, an kwana a fili cikin hunturu ba a sandare ba. Masu tarihi sun gaya mana wanda ya hau doki da wanda ya faɗi a fage. Wanda ya hura wutar sansani kuwa, ba wanda ya bi ta kansa.

Wanda ya san ƙasar Kabi a watan Afrilu kaɗai, lokacin da rairayi ke ƙuna ta cikin takalmi, dariya zai yi in an ce masa muna jin ɗari. To, ya zo a ƙarshen Disamba. Iskar gabas maso arewa takan taso daga Sahara da ƙura, rana ta dusashe, leɓe ya tsage, faso ya buɗe a diddige. Da rana da sauƙi. Amma busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, don haka da magariba ta yi sai ƙasa ta saki duk zafin da ta sha, kafin asuba awo ya sauka ƙasa da digiri 15 a waɗansu dararen. Ga jikin da ya saba da digiri 40, abin rufarsa kuma gwado ɗaya, wannan ba abin wasa ba ne. Shi kansa Clapperton ya rubuta cewa a ƙarshen Disambar 1823, a hanyarsu daga Borno zuwa Kano, sun wayi gari salkunan ruwansu sun daskare, kuma bayan 'yan makonni abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya mutu kusa da Katagum. Gwandu a kwari take tsakanin tuddai, sanyi kuwa gangarowa yake yi ya kwanta a kwari. Ƙauyukan ƙasar Kalgo da ke bakin fadama, irin su Diggi da Zuguru, nasu ya fi namu, don su har da raɓar gulbi.

Ƙyastu, ƙarfen da ake tayar da wuta da shi, na gan ta ne a wajen wani kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai jakai ne da ke bin kasuwanni tsakanin Jega da Kalgo da Bunza, wani lokaci har Kamba. Lokacin an daɗe da sanin ashana, ana sayar da ita a kowane tebur, amma shi bai yarda da ita ba. Jakar ƙyastunsa ba ta kai tafin hannu ba, aikin dukawa ce ta jar fata, maiƙon hannu ya mai da ita baƙa. Abu uku ne a ciki. Akwai ƙarfen, mai tsawon yatsa, an lanƙwasa bakinsa biyu sun dawo baya yadda yatsu za su shiga. Akwai ƙanƙara, ɗan farin dutse mai kaifin gefe. Sai ƙwallon goriba da aka rarake aka yi wa marfin fata, cike da auduga wadda aka babbake samanta.

Wani dare muka sauka a bayan gari da buhunan shinkafa, sanyi ya fara shiga ƙashi. Bai taɓa jakar ba sai da ya gama komai. Ya sa ni na share ciyawa kewaye da wurin, ya tona ɗan rami da dunduniya, ya jingine mangala biyu ta gabas, ya murje busasshiyar ciyawa da kashin jaki a tafinsa har suka yi laushi, ya tara karmami gefe guda, kara gefe guda, ƙirare gefe guda. Sannan ya tsuguna ya ba iska baya. Ya riƙe dutsen da hagu, ya ɗora ɗan tsokacin auduga a kansa dab da kaifin, ya danne da babban yatsa. Da ya ba ni in gwada, sai na dinga kwaɗa ƙarfen da ƙarfi.

"Kai yaro, ba bugu aka yi ba, yanka aka yi," in ji shi. "Dutcin ga wuƙa ta, ƙarhen shi an nama."

Ya karɓa, ya gifta ƙarfen ta gefen dutsen da wuyan hannu kawai. Tartsatsi ya watsu, ɗaya ya faɗa kan baƙar audugar, wani ɗan jan ɗigo ya bayyana yana faɗi a hankali. A nan ne mai gaggawa ke asara. Kawu ya cusa audugar cikin murjajjen ciyawar, ya dunƙule da hannu biyu, ya ɗaga sama da fuskarsa don kada hayaƙi ya shiga idonsa, ya dinga hurawa da dogon numfashi siriri. Hayaƙin ya yi fari, ya yi kauri, sai harshen wuta ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ya ajiye a ramin, ya bi da karmami, ya bi da kara.

Maganar da ya faɗa mini daidai take da abin da masana kimiyya ke cewa. Dutsen bai ƙunshi wuta ba. Ya dai fi ƙarfen tauri, don haka kaifinsa ke ɓantaro ɓarɓashin ƙarfe ƙanana ƙwarai, zafin gogayya ya sa su ci da iska su ƙone nan take. Tartsatsin nan ƙarfe ne ke cin wuta. Shi ya sa ƙyastu ke cinyewa da shekaru. Na Kawu ya rame a tsakiya. Shi ya sa kuma ba kowane ƙarfe ke yi ba. Ƙarfe mai laushi lotsewa yake yi, ba ya ɓantaruwa. Sai maƙeri ya zaɓi mai tauri, ya gasa shi cikin gawayin ƙirya ana zuga har ya yi jajir, ya tsoma shi a ruwa farat ɗaya. Kafin zuwan Turawa daga tama maƙeranmu ke fid da ƙarfensu, aikin narkar da tama kuwa ya haura shekara 2000 a ƙasar da ake kira Nijeriya yau. Da ƙarfen jirgin ƙasa da na mota ya yawaita, aka bar wahalar tama, maƙeran baƙi suka gane tsohon magagari da sifirin mota sun fi komai ba da tartsatsi.

Dutsen ma da nasa labari. Tuddan da suka kewaye Gwandu jar marmara ce a sama, yashi da yumɓu a ƙasa. Masu nazarin duwatsu har sunan Gwandu suka laƙaba wa wannan shimfiɗa ta ƙasa. Marmara ba ta ƙyastuwa, marmashewa take yi. Sai an tsinci farar tsakuwa mai ƙyalli a fasa ta don a sami kaifi, ko a saya a hannun 'yan koli. Wadda ta fi kowacce ita ce ƙanƙarar bindiga. Bindigar maharba ta da, ai ƙyastu ce aka ɗaura wa bututu: kunama ta sari ƙarfe da dutse, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. A wani gari da ake kira Brandon a Ingila akwai masu sana'ar fasa irin wannan dutse, kuma sun ci gaba da aiko shi Afirka har cikin ƙarni na 20, bayan sojan Turai sun daɗe da daina amfani da shi. In ƙanƙara ta dakushe a bindiga, maharbi ba ya yar da ita, jakar ƙyastu take komawa.

Audugar kuwa a gida take. Ƙasar Gwandu ƙasar saƙa ce tun da, tsumman saƙi da aka babbake yana kama tartsatsi fiye da ɗanyar auduga. Mai tafiya in ya rasa, akwai audugar rimi, akwai farin gashin da ke cikin 'ya'yan tumfafiya, wadda ba a shuka ta, ko'ina ta ga dama fitowa take.

Hunturu abokin mai ƙyastu ne ta fuska guda, don komai ya bushe ƙarau, ba kamar damina ba da auduga ke shan laima. Ta ɗaya fuskar kuma abokin gaba ne. Iskar da ke hura maka ita ce ke kwashe maka tartsatsi, in wutar ta kama kuma ta kwashe ta ta kai gonar wani. Sanin icce ma ilmi ne. Sabara da geza saurin kamawa gare su da saurin mutuwa. Ƙirya da marke da bagaruwa su ke yin garwashi mai kwana. Iccen tumfafiya hayaƙi ne kawai, na kuka kuwa totuwa ce, ko ka samu ba ya ci. Ba a kuma tula itatuwa a yi ganga-ganga. Gungume uku ake haɗa wa kai, in sun ci a tura su ciki, a ɗora kandilo a bisa. Wanda ya tashi fitsari da tsakar dare shi ke turawa. Wutar matafiyi ƙarama ce, a matso kusa da ita. Babbar wuta korar mutum take yi baya, gabansa ya ƙone, bayansa ya daskare, ga icce ya ƙare kafin asalatu.

Almajirin da ya kai ƙarshen Yasin ya ji labarin wutar da ake samu daga ɗanyen itace, malaman tafsiri kuma sukan ambaci itatuwa biyu, marakh da afar, waɗanda Larabawa ke gogawa. Wannan hanya ta murza icce a kan icce ta fi ƙarfe tsufa nesa ba kusa ba, kuma ana yin ta a sassan Afirka da dama. Amma inda maƙeri yake a kowane ƙauye, ba mai ɓata tafin hannunsa a kanta. Buga dutse ma tsohon abu ne. Wani mutum da aka tono daga ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991 ya mutu fiye da shekara 5000 da suka wuce, an kuma sami abin kama tartsatsi a jakar ɗamararsa.

Su wa ke yawo da ƙyastu? Waɗanda dare ke riska a waje. Na farko fatake. Ayarin goro na Gwanja da rani yake tashi, bayan an kawar da amfanin gona, gulabe sun janye, wato cikin tsakiyar ɗari. Daga Kano ko Sakkwato a biyo ta Jega, babbar kasuwar yammacin daula, a haye Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yendi har Salaga, tafiyar watanni. Jagaba na gaba, ga madugu, ga uban dawaki, ɗaruruwan jakai da mutane, kowane dare sai an yi zango a bayan wani gari ko cikin daji. Akwai kuma masu zuwa ɗaukar gishirin Foga a yamma. Bajamushen nan Barth, wanda ya sauka Gwandu a watan Mayun 1853 zamanin Sarki Halilu, ta wannan hanya ya fita zuwa Say: Kambaza, Birnin Kebbi, Zuguru, Diggi, ya haye fadama zuwa Zogirma. A zango wuta ba ta ɗumi da tuwo kaɗai ba ce, ita ke tsare jakai daga kura. Amma ko a nan, ba kowa ke ƙyastawa ba. Mutum ɗaya ya tayar, sauran su zo da kara su ɗiba, kafin a ɗaure dabbobi wuri ya haske.

Sai Fulani, da ke gangarowa fadama da shanu in ciyawar tudu ta ƙare, suna tayar da hayaƙi a tsakiyar garke. Sai masunta da ke fitowa daga ruwa da asuba jiki na rawa, ga kifin da za a banda. Sai maharba, da masu gadin shinkafa a masussuka. Sai mayaƙa. Jama'ar Shehu ɗan Fodiyo sun yi kusan shekara biyu ba su da gari nasu: hunturun 1804 ya same su a ƙasar Gobir, inda aka yi musu ɓarna a Tsuntsuwa cikin Disamba, suka zauna Sabon Gari a Zamfara, kafin su tare a Gwandu a 1805, abokan gaba kuma suka biyo su har gida bayan yaƙin Alwasa. Mutane ne masu yawa da mata da yara da dabbobi, a bukkokin kara, ga yunwa. Daga 1849 kuma, da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa daga Argungu, ƙasar da ke tsakanin Gwandu da gulbi ta koma fagen hari shekara da shekaru. A irin wannan zamani mai kwana a daji yana tsakanin abu biyu: in bai hura ba ɗari ya ci shi, in ya hura mahara su hango. Ina jin daga nan dabarar tona rami da ƙaramar wuta ta ƙara kama jikin mutanenmu.

Duk da haka, in aka ce ƙyastu ce ashanar mutanen da, an faɗi rabin gaskiya ne. A cikin gari ba a cika tayar da sabuwar wuta ba. Tsohuwar ake raya wa. Gwanintar da garin ya dogara da ita tana hannun mata, kuma ba ta da kayan aiki sai toka.

Kakata in ta sauke tukunyar dare, takan zaɓi gungume ɗaya mai jan baki, ta tara garwashin a tsakiyar murhu, ta turbuɗe shi da toka, ta danna da bayan ludayi, ba da ƙarfi sosai ba. Toka ta yi yawa wuta ta shaƙe, ta yi kaɗan ta cinye kanta kafin asuba. Da sassafe ta tone da tsinke, ta ɗora karmami, ta sunkuya. Wutar nan ke ɗumama ruwan alwala, ita ke ɗumama tuwo. A ɗakinta akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba rushi cikin hunturu, kuma mu jikoki a kansa muke faɗa. Gidan da aka yi haihuwa kuwa wuta ba ta mutuwa sai an yi arba'in, saboda ruwan wankan jego.

Ranar da aka tone aka tarar da toka ta huce, ba a neman mai ƙyastu. Yarinya ake tasa. Ta ɗauki tsingaro ko katangar tukunya, ta leƙa sama ta ga gidan da hayaƙi ke tashi, ta yi sallama.

"Inna, an kwana lahiya? Wai in ji innata a sam muna wuta."

"Taho ɗiba, ɗiyata. Ki riƙa da kyau, kak ki zuba ma zanenki."

Ta dawo da gudu-gudu sauri-sauri, hannu ɗaya na kare iska, ko kuma da bakin wuta tana kaɗa shi don kada ya mutu. Har yau in baƙo ya ƙi zama sai mu ce masa ko ɗibar wuta ya zo, kuma yawancin masu faɗin haka ba su taɓa ganin an ɗiba ba. Ba a sayar da wuta, ba a hana ta. Ko matan gida biyu ba sa ga maciji, yarinya za ta shiga ta ɗiba ta fita, iyaka a ƙi amsa gaisuwar da ta kawo. Malamai suna da hadisin da suke kafa hujja da shi, wanda Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito, mai nuna cewa ruwa da makiyaya da wuta na kowa da kowa ne. Kakata ba ta san isnadinsa ba, amma da an hana jikarta garwashi da unguwa ta ji.

Akwai abin da ɗibar wuta ke yi wanda ba a faɗi. Ita ce jaridar safe. Yarinyar da ta shiga gidan maƙwabta da asuba ta ga wanda ya kwana da zazzaɓi, ta ga baƙon da ya sauka da dare. In kuma gida ya wuni ba hayaƙi, ba a kuwa aiko ɗibar wuta ba, maƙwabta sun gane ba a ɗora tukunya ba. Ba mai tambaya. Da magariba sai a ga akushi ya tsallaka katanga, a ce wai a ɗanɗana miya.

Makarantar allo ma da wutar aro take rayuwa. Da dare da kuma asuba almajirai kan kewaye wutar kara a ƙofar gidan malam, kowa da allonsa a karkace yadda haske zai faɗa kan rubutu. Kowane yaro da damin da zai kawo, wanda ya zo hannu rabbana ya sha bulala ko ya zauna can baya inda ba haske ba ɗumi. Kara ba ya jimawa, don haka akwai mai aikin jefawa ɗaya bayan ɗaya, karatu na tashi da sauka tare da harshen wutar. Tokar ba a kwashe ta, tana taruwa har ta zama tudu, kuma tsayin tudun shaida ne na daɗewar makarantar.

Sai dai garin da ke kwana da wuta a kowane gida, rufinsa ciyawa, dangarsa kara, yana kwana da maƙiyi. Hadisi ingantacce ya zo da umarnin a kashe wuta in za a kwanta, bayan wani gida ya ƙone a Madina da dare. Turbuɗewa da toka ita ce sulhun da matanmu suka yi tsakanin wannan umarni da bukatar safe: ba harshe, ba tartsatsi, amma da rai. Sulhun ba kullum yake riƙewa ba. Barth, wanda a Gwandu ya sami kwafin Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya zauna yana kwafar abin da ya iya, ya bar waɗansu littattafansa ajiya a garin ya wuce Tambutu. Da ya dawo a watan Agustan 1854 ya tarar gobara ta ci babban yanki na garin, har da littattafan. Nasa an sani don ya rubuta. Na malaman unguwa da suka ƙone tare da su, sai dai a yi ƙiyasi. Ina yaro, in iska ta tsananta, mai shela kan zaga da dare yana cewa Sarki ya gaishe ku, kowa ya kashe wuta.

Ashana ba ta shigo da ganga ba. Irin ta Walker tana da hatsari. Sai a 1844 wani mutumin Suwidin, Pasch, ya raba maganin biyu, rabi a kan tsinke rabi a jikin akwati, wadda ita ce ake yi har yau. Kafin ta iso mu an daɗe. Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a 1885 neman yarjejeniyar ciniki, kamfanin da ya aiko shi ya zama Kamfanin Neja a 1886, Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, a 1906 kuma Turawa suka mai da mazaunin Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, suka bar mu da hubbare da tarihi. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ta bayan waɗannan kayan kanti suka malalo, kananzir da sabulu da akoko da ashana, daga kanti zuwa Jega, daga Jega zuwa faifan ɗan koli a kasuwar ƙauye.

Amma ashana kuɗi ce, a zamanin da ake tara anini don haraji. Ƙyastu kuwa sau ɗaya ake saye, ɗa ya gada. Shi ya sa suka zauna tare shekaru masu yawa. Akwatin ashana yana ƙarƙashin matashin maigida, na fitilar ƙwai ne da ranar baƙi. Na ga tsohuwar da ke tsaga tsinke biyu da reza. Hujjar Kawu kuma ba ta wauta ba ce: ashana tana jin laima, iskar hunturu na kashe ta kafin ta kai ga ciyawa, kuma tana ƙarewa ba ta yi sallama ba. Jan ɗigon da ke kan auduga kuwa, iska ƙara masa rai take yi.

Abin da ya kwantar da ƙyastu laita ce. A 1903 wani masani ɗan Ostiriya, Auer von Welsbach, ya haɗa wani gaurayen ƙarfe mai zubar da tartsatsi da ɗan gogawa kaɗan, shi ne ɗan tsinken da ke ƙarƙashin tayar laita. Kamfanin Bic ya fito da ta roba mai araha a 1973, daga baya na Sin suka cika kasuwa. Kawu da ya ƙi ashana duk rayuwarsa, ya karɓi laita ba gardama. Ya jujjuya ta, ya murza tayar, ya ce wannan ya gane ta.

Ɗibar wuta ta fi ƙyastu jimawa, don na gan ta da idona har bayan an canja kuɗi zuwa naira. Ba rana ɗaya ta mutu ba. Ashana ta yi araha, risho ya shigo, aka ja katangar bulo aka sa ƙyauren ƙarfe, aikawa da yarinya gidan wani da asuba ya fara zama abin kunya, alamar babu. Ban ce a koma ba. Wanda ya taɓa ganin yarinyar da zanenta ya kama, ko unguwar da ta tashi a dare ɗaya, ba zai yi wa zamanin kuka da yawa ba. Amma akushin nan da ke tsallaka katanga ya ragu, kuma rowa ba ita kaɗai ta rage shi ba. Yanzu gida na iya wuni uku ba tukunya, na kusa bai sani ba.

Jin ɗumi dai yana nan. Ka bi ta mararrabar Kalgo da asubar Janairu, inda hanyar Bunza ta rabu ta nufi Jami'ar Tarayya, za ka ga 'yan kabu-kabu da masu shayi da masu gadi sun kewaye wuta, hannuwa a miƙe. Sai dai da leda ake tayar da ita, ko guntun silifa, wani lokaci tsohuwar taya ce ke ci, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjin kowa. Icce ya yi tsada tun bayan farin 1973 da na 1984, ƙirya da marke sun yi nisa da gari. Ba mai share ciyawa, ba mai duba inda iska ta fito, don in ta mutu laita na aljihu.

Kwanan baya na tsaya rumfar wani tsohon maƙeri a ƙasar Kalgo, na ce ko zai ƙera mini ƙyastu. Yaron da ke masa zuga ya ɗauka mariƙin ƙofa nake nufi. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya zana siffarta da yatsa a ƙasa, daidai da ta Kawu.

"Malam, aikin ba wuya," in ji shi. "Kawo tsohon magagari, na da, ba na yanzu ba, ka komo ran kasuwa. Dutci kau sai ka biɗo da kanka."